Alhajin Kaki

Ni na yanke ma Sallau cibiya, ni na yi mashi wankan fari, kuma sau biyu ina sa mashi suna a duniya. Na farin bai cuce shi ba. Na biyun ne ya manne mashi shekara talatin da 'yan kai.

Ɗan ƙanwata ne, Tsahara. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita, na girme ta da shekara biyar. Garinmu Tudun Bagaruwa, tsakanin Malbaza da Illela, inda mota ba ta shiga in damina ta zauna. Tun muna 'yan mata abu ba ya yi ma Tsahara wuya. Gashinta ya fi nawa, mijinta ba ya faɗa, akuyarta tagwaye take haihuwa. Tawa akuyar sai ta cinye mani dussar wata shida ta haifi ɗaya, shi ma da gudawa. Ba ta taɓa yi mani gori ba, kuma wannan shi ya fi ci mani rai.

Abin da na fi ta guda ne, baki. Na gaji ungozomanci wurin uwarmu, kuma a garinmu ungozoma ita ke sa ma jariri sunan da za a riƙa kiranshi da shi. Liman ya raɗa na yanka da safe, da rana mata su zuba mani ido su ji na gida. Abin da na faɗa shi ke zama. Ɗan Tsahara ranar ƙaramar salla ya faɗo, Liman ya ce Sadiƙu, ni na ce Sallau.

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunanshi. Ba Sadiƙun ba, ba Sallaun ba. "Kai" take ce mashi, ko "yaron ga", in kuwa tana labarinshi ta ce "wancan". Haka kowace mace mai kunya take yi a wurinmu, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Tare sunka tashi da ɗana Jaje. Jaje wuta ne, kafin ka ce ɗauko ya kawo. Sallau kuwa ga manyan ƙafafu, ga jinkirin magana, ga dariya ba dalili. Yaron nan ko akuya ta yi atishawa sai ya washe baki. Shekararshi huɗu a lakwal, makarantar boko ta Malbaza, ya dawo gona. Da hatsi ya ƙi shekara biyu jere, samari sunka watse. Jaje ya yi Sakkwato, daga can ya gangara Ikko. Sallau ya tafi Tawa ya shiga soja. Nawa ya aiko mani da atamfa turmi biyu, nata ya aiko mata da hoto yana rungume da bindiga awa mai riƙon tabarya. Lokacin nan ni ke gaba, kuma na ɗaura atamfar na je gidanta ɗaukar wuta, alhali akwai wuta a murhuna.

Sai yaƙin ƙasar Larabawa ya tashi. Maza sunka tare gindin bedi na ƙofar masallaci da radiyo, ba gona ba kasuwa. Duk garin bayan mutumin Bagadaza yake, wai shi kaɗai ya tsaya ma Nasara. 'Yan maza bakwai na karɓi haihuwarsu a watannin nan, biyar sunanshi anka sa masu. Ana cikin haka labari ya zo gwamnati ta aika sojanmu can, kuma ba wajenshi ba, wajen da Nasara suke. An ce tsaron ƙasa mai tsarki za su yi. Mutane sunka ce ƙarya ne, haya anka ba da su. Ba a yi kwana goma ba anka ji da Sallau a ciki.

Tsahara ta bar zuwa rijiya da safe. Sai rana ta take, mata sun watse, sannan ta ɗauki tulu.

Ya dawo bayan babbar salla da 'yan makonni. Kamiyo, babbar motar kaya, ya aje shi bakin kwalta, amalanke ta ƙaraso da shi da akwatin ƙarfe kore. Ina tsakar gidan Tsahara ranar, ina taya ta sussuka. Ya shigo da farar jallabiya, kai a aske ƙwal, ya yi sallama ya washe bakin nan nashi. Sai wani abu ya yi walƙiya a sama wajen dama.

Haƙorin Makka.

Ashe da yaƙi ya ƙare an bar waɗansunsu sun yi aikin hajji kafin a maido su. A lokacin Alhaji guda ne a garinmu, Chindo mai shanu, shi ma sai da ya tsufa. Mijina ya mutu da zancen Makka a bakinshi, bai taɓa wuce Dogon Dutsi ba. Ba macen da ke da ɗa Alhaji, ko guda.

Tsahara ta yar da tabarya ta rangaɗa guɗa. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta ce, "Alhaji, sannu da hanya. Alhaji, zamna. Sha ruwa, Alhaji."

Sau ukku. Na ƙirga. Shekara ishirin da biyar ba ta da abin kiran ɗanta, yau ta samu, kuma irin wanda in ta faɗa a rijiya kowa sai ya ji. 

Ya buɗe akwati. Dabino, tasbaha, zamzam a 'yar jarka. Ni ya miƙo mani kallabi kore da tasbaha mai ƙamshi. Can ƙasa ya jawo wani ƙunshi fari ya aza ma uwarshi a cinya, ya ce likkafani ne, da hannunshi ya jiƙa shi da zamzam ya shanya a Makka. Na leƙa akwatin. Guda ne.

Kafin la'asar maza sun cika ƙofar gida. Na leƙo ta zaure na gan su tsaye cirko-cirko, ba wanda ya zauna. Yaƙin suna ƙinshi, amma hajji hajji ne, kuma ga dabinon Madina a faifai. Ba su san ta inda za su kama ba. Da mutum guda ya ce "Alhaji, barka da sauka", da shi ke nan, sauran sun bi. Na ga bakin Liman ya fara motsi.

Sai na ɗaga murya daga zaure na ce, "Sallau, in tambaye ka mana. Da harami ka tsaya Arfa, ko da kaki?"

Ya waiwayo yana murmushi. "Da harami, Inna."

"To bindigar hwa, wa ya riƙe maka? Ko da ita ka jefi Shaiɗan?"

Wani ya tuntsire. Na ce, "To madalla. Sannu da zuwa, Alhajin Kaki."

Dariya ta fashe har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi, don bai gane ba tukuna. Faifan dabino ya zagaya ya dawo kusan yadda ya tafi. Kafin magariba yara na rera sunan a bakin rijiya.

In faɗi gaskiya, ni ban san inda Bagadaza take ba, har yau. Da an ce mani bayan Madawa take sai in yarda. Ba yaƙi ya dame ni ba. "Alhaji" ukkun nan na bakin Tsahara su sunka dame ni.

Amma garin da gaske yake. Liman ya kira shi ya tambaye shi aikin hajji daki-daki, tun daga ɗaura harami har ɗawafin bankwana, ya ce hajjinshi ya yi, Allah bai tambayi wanda ya biya jirgi ba. Ya faɗi haka a zaurenshi, gaban mutum biyu. Da sunka fito waje, Liman ya ci gaba da ce mashi Sallau, ba Alhaji ba. A masallaci in ya tsaya sahu sai ka ga an bar 'yar kafa dama da hagu, wadda ɗan akuya zai iya wucewa. Samari su tare shi a kasuwa.

"Kaki, Musulmi nawa ka kashe?"

"Ban harbi kowa ba. Hanya munka tsare, ba komi sai rairayi da rana."

"Ashe ba ka yi komi ba! Haƙori kawai ka tahi sawa."

In ya yi harbi ya kashe 'yan'uwa, in bai yi ba ragon soja ne. Ya nuna hotonshi da harami, anka ce kowa na iya yafa tawul. An yi mashi baiko da ɗiyar ƙanen Chindo kafin ya tafi, sai ga goro an maido, wai yarinya ba ta da lafiya. Wata biyu bayan nan ta warke ta auri mai gyaran radiyo.

Tsahara ta sake gwadawa sau ɗaya. A rijiya wata ta tambaye ta wa ya yi mata sabuwar igiyar guga, ta ce, "Alhaji ne." Mata sunka dubi juna, wata ta sara mata irin ta soja da hannu jiƙe. Daga ranar ta koma "wancan". Da yamma ta same ni ina tankaɗe, ta tsaya kaina. Na ɗauka yau za mu yi ta, har na aje rariya. Sai ta ce a hankali, "Yaya, suna guda na samu, kin amshe."

Na ce, "Ni na riƙe maki baki? Kira shi Sarkin Makka ma in kina so."

Ta taya ni kwashe garin ta tafi.

Shi kuwa Sallau ya rufe baki. Yaron da ke dariyar atishawar akuya ya koma magana da leɓen sama a ja, awa mai ciwon dasashi. In zai ci abinci cikin mutane sai ya sunkuya. In dariya ta kubce mashi sai ya kai hannu. Ya koma bariki ya yi 'yan shekaru, ya aje kaki, ya auro Zulaihatu daga wajen Illela, inda ba su san zancen ba sai da ta tare. Ya samu gadi a izin, masana'antar siminti ta Malbaza, shekara goma sha tara yana buɗe ma manyan motoci ƙofa. Yakan dawo gida, gira da gashin ido fari fat da ƙura. Direbobi ma sun ɗauka: "Kaki, buɗe muna!" Alhajin ya faɗi a hanya, Kakin ya rage. Yaran da anka haifa daga baya sun ɗauka sunanshi ke nan. Ɗanshi Fa'izu ɗan Kaki ake ce mashi tun daga lakwal har ya fara kabu-kabu a Konni. Waɗanda anka sa ma sunan mutumin Bagadaza sun girma sun aje iyali, an manta da yaƙin, radiyo ta kama waɗansu yaƙoƙin na kusa da mu. Sunan bai tafi ba. Da ya bar gadi ya koma noman albasa a fadama, buhunanshi ma in an kai tasha haka ake rubuta masu.

Kada a ce na ci riba. Jaje sau biyu ya zo gida cikin shekarun nan duka. Yanzu ta salula nake jin shi, kuma kowace shekara baɗi zai kai ni Makka. Wai can Ikko Alhaji suke ce mashi, don yana da tumbi da babbar riga. Bai taɓa hawa jirgi ba. Na dai bar zancen ya zagaya gari, ban gyara ma kowa ba. Amma katanga guda ta raba ni da Tsahara, kuma gajera ce. Kullum safiya ina ganin Sallau ya zo ya durƙusa ƙofar ɗakinta da kwanon kunu. Kafin damina ya hau ya yaɓe mata rufi. Nawa ɗakin sai ya yi yoyo na aika a nemo mai yi. Na amshe mata suna, ɗan yana nan.

Shekara huɗu ke nan da Tsahara ta rasu. Ina zaune gefenta da hantsi, ta dubi ƙofa ta ce, "Kai, zo ka ɗaga ni." Ya ɗaga ta, ta cika a hannunshi. Ni na yi mata wanka. Da anka warware likkafanin nan, shekara talatin a ƙasan tukunya, ya yi ɗan ja a bakin ninki, amma ƙamshi na nan. Ina naɗe ta ina kuka, kuma Allah ya sani rabin kukan na rashinta ne, rabi na ƙyallen.

A wuyanta na tarar da 'yar laya ta jar fata, ƙarama awa ƙwayar gujiya, igiyar ta yi baƙi don daɗewa. Ba a rufe mutum da laya, sai na cire. Ya kamata in ba ɗanta. Na ce a raina, ashe ga asirin. Ga abin da ke sa akuya tagwaye, ga abin da ke zaunar da ɗa a gida. Na soke ta a bakin zane, na kai ɗaki na rataya a wuyana. Na jira Jaje ya dawo. Bai dawo ba. Wanda ya zo Sallau ne. Ana share makoki, da safe sai na ji shi ƙofata a durƙushe.

"Inna, an kwana lahiya?"

Da kwanon kunu, shi dai wannan kwanon mai lotsattsen gefe. Ina sha. Amma na san gado na ci.

To, bana bayan an gama girbi matar Fa'izu, Wasila, ta haifi namiji. A likitar Malbaza ta haihu, don hannuna ya fara rawa, ba ni yankan cibiya yanzu. Amma wanka da sunan gida har gobe nawa ne. Ana gobe suna ina gasa ma yaron cibiya, Wasila ta matso ta rage murya.

"Kaka, wai sunan Baba za a maida."

"To?"

"Mi za ki ce a riƙa kiranshi?"

Na gane abin da take tsoro. Ba ta iya kama sunan surukinta, ba ta iya kama na ɗan fari, dole sai abin da na faɗa. In an maida sunan kaka, in kakan ya je Makka, Alhaji Ƙarami ake cewa, kowa ya san wannan. In bai je ba a ce Abba ko Maisuna. A gidan Sallau kuwa ba wanda ya san wanne ne, don ni na dagula lissafin.

Na ce, "Ke dai je ki shiga ruwan zafinki. Gobe ba ta yi ba."

Ni kaina Abba na shirya cewa. Ba yabo ba fallasa, kowa ya tashi lafiya.

Da safe Liman, ɗan wancan Limamin, ya raɗa suna, anka yanka rago, maroƙi ya leƙo ya ce Sadiƙu. Da rana mata sunka cika tsakar gida, wanzami ya gama aski, anka aza mani yaron a cinya. Ina gyara zama ke nan, ban buɗe baki ba, sai Ummulkhairi ta rigaye ni. Jikar Chindo ce, mai sai da turare, irin matan da ba su iya ganin taro su bar shi ya huta.

Ta ce, "Kaka, kada ki wahal da kanki, suna ya zo da ƙafarshi. Kaki Ƙarami!" Ta miƙe ta buga ƙafa ta sara ma jariri.

Gida ya ɗauka. Har da masu guɗa. Wasila ta sunkuyar da kai cikin mayafi, Zulaihatu ta shige madafa. Na ɗaga ido sai ga Sallau a bakin zaure, riƙe da tire, ya kawo mani kan rago da ƙafafu, rabon ungozoma. Ya tsaya cak. Gemunshi fari, leɓen nan a ja.

Zan so in ce tausayi ya kama ni. Ba shi ya fara zuwa ba. Abin da ya fara zuwa haushi ne. Ni na ƙera kalmar nan tun ba a yi ma yarinyar ga wankan fari ba, yau ita ke kwasar dariya da ita a gabana, a taron da ni ke da magana. Sannan na dubi yaron. Kunnuwan Tsahara ne, masu ɗan lanƙwasa a sama, irin na uwarmu. Na san aikin baki, sana'ata ce. In na yi shiru na numfashi ukku, sunan ya zauna, kuma wannan ɗan tsurut zai ja shi har nashi jikan.

Na ce, "Ke Ummulkhairi, wa ya yanke maki cibiya?"

"Ke ce, Kaka."

"Da na san abin da za ki zama, da harshen na yanke na bar maki cibiyar. Zamna."

Ta zauna. Dariyar ta koma kanta, na bari ta gama zagayawa. Sannan na ɗaga yaron sama yadda na bakin ƙofa za su gani.

"Wanga Alhaji Ƙarami ne."

Wata tsohuwa daga baya, wadda ta san zancen tun farko, ta kira sunana ta ce, "Lubabatu, in akwai ƙarami, ina babban?"

"Ga shi can tsaye da kan rago. Ko idon ya tahi ne?"

Duk sunka waiwaya. Zulaihatu ce ta fara guɗa daga madafa, sauran sunka bi. Sallau ya tako a hankali ya aje tiren gabana, ya durƙusa. Ya dubi yaron, ya dube ni. Sai bakin nan ya buɗe da kanshi, irin buɗewar da, tun daga wannan kunne har wancan.

Na nemi walƙiya ban gani ba. Giɓi ne a wurin, baƙi, tsoho.

Na rage murya na ce, "Kai, ina haƙorin?"

"Ai ya daɗe, Inna. Tun ranar da anka sara ma uwata a rijiya. Na tahi kasuwar Dogarawa wanzami ya cire shi, da shi da na cikin."

"Shekara talatin kana ɓoyon giɓi?"

"Da na bari an gani, da an samu na ukku."

Da gaskiyarshi, kuma ni ce da na sa shi.

"Ka sai da shi?"

"Na kai mata. Ta sa anka ɗinke mata shi a hwata, tana ratayawa. Da ta rasu na nema ban gani ba, na ce ko an rufe ta da shi." Ya gyara ma yaron hula da babban yatsanshi. "Ita ai ba ta bari ba, Inna. In mu biyu ne a ɗaki, Alhaji take ce mani. Kullum safe."

"Ranar da za ta cika, kai ta ce maka. Da kunnena na ji."

"Kina wurin ne."

Na ji igiyar nan ta wuyana ta yi nauyi. Na ce mashi ya tashi ya ba mata wuri, namiji ba ya zama cikin taron suna.

Da na koma ɗaki la'asar sakaliya na sa reza na farke bakin fatar. Ga shi nan, ɗan ƙaramin abu, ya dushe, sai da na goga a zane ya yi haske. Shekara huɗu ina rataye da hajjin ɗan Tsahara ina jiran ya jawo mani nawa ɗan. Ita kuwa shekara talatin tana sha mani kunu da "Alhaji" a bayan katanga, ina nan ina cewa na amshe.

Sunan yaro ya zauna. Da yake ba a iya cewa ƙarami ba babba, mata sun fara cewa gidan Alhaji Babba in za su aiki yaro. Direbobin albasa har yanzu Kaki suke cewa, tsofaffin ƙofar masallaci kuma rabi da rabi. Ran Juma'a an ce Liman ya ce mashi Alhaji Sadiƙu gaban mutane, shi kuwa ya waiwaya yana neman wanda ake kira. Yanzu yana dariya da giɓinshi a waje, ba kyan gani, na faɗa mashi. Ni Sallau nake ce mashi, ni na sa, ba mai hana ni.

Jiya a wurin awo na ji wata na kwatance, ta ce, "Gidan marigayiya Tsahara, uwar Alhaji." Tana kabari ta samu. Ni da ke raye uwar Jaje ce.

Layar na ɗinke ta da zare baƙi. Na yi niyya in yaron ya yi arba'in in ɗaura mashi a wuya, in gaya ma ubanshi da kakanshi inda ta kwana. Arba'in ta wuce da kwana goma sha biyu. Da safen nan Sallau ya durƙusa da kwanon kunu, na ja wuyan riga na rufe igiyar, na ce mashi kunun ya yi ruwa.